Yadda Na Raba 'Yata da Addu'arta ta Kan Keke

Ni dai ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, wannan takardar ma maƙwabciyata ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Amma a zamanina, duk zumuntar matan majami'armu babu wadda ta kai ni baki wurin addu'a, kuma na san da haka. Daga Nijar maigidana ya kawo ni Wagadugu, yana tuƙa babbar mota, tun ba a sa wa ƙasar nan suna Burkina ba. Muka kama ɗaki a Zongo, gidan wasu 'yan goro, mu kaɗai ne Kirista a ciki. Sun riƙe mu da mutunci, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai wata rana a bakin famfo wata tsohuwa ta tsokane ni, wai mu mutanen Lahadi sau ɗaya a mako muke tuna Allah. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a rai. Tun daga ranar, ladan na kiran asuba ina shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in durƙusa, in ɗaga murya da waƙa da addu'a har gari ya waye, yadda kowa zai ji. Ko zazzaɓi bai taɓa hana ni ba.

Bayan rasuwar maigidana, 'yata ta fari ta samu aiki a masana'antar fatu a Kossodo, ita ke ci da mu. Wurin da nisa, a keke take zuwa, wani makon aikin safe, wani makon na yamma. Na lura ba ta durƙusawa tare da ni, na tambaye ta. Da murnarta ta ce ai a hanya take yi. Wai tana fita unguwa sai ta fara godiya, in ta kai kasuwa ta roƙa wa ƙannenta, wajen madatsar ruwa ni take roƙa wa, a ƙofar masana'anta kuma ta roƙi Ubangiji ya tsare hannunta daga inji. In an sauya mata lokacin aiki, addu'ar ta bi ta. Ta ce shekara biyu ba ta tsallake rana ɗaya ba.

Maimakon in sa mata albarka, sai na tambaye ta me mutanen gidan nan za su gani. Na ce addu'ar da gwiwa ba ta taɓa ƙasa ba, ido na kan titi, Allah ba ya jin ta. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Ranar zumuntar mata na kwashe labarin na ba su, na tattare zane ina kwaikwayon tuƙin keke, ido a rufe, ina amin ina kauce wa jaki. Na iya ba da labari, abin da ya cuce ni ke nan. Mata suka yi dariya har da hawaye, ita kuwa tana zaune a benci na baya. Daga nan suka laƙaba mata mai addu'ar keke.

Yarinyar nan ta gwada irin tawa. Ta riƙa tashi da wuri tana durƙusawa kusa da ni, barci na kwasarta, ina zungurinta da gwiwar hannu. Sau biyu ta makara, shugabansu ya ce in ta ƙara za a sallame ta. Bayan wata biyu ta daina. Na ɗauka ta koma wa kekenta, na ƙyale ta. Sannu a hankali majami'ar ma ta rage zuwa, ta yi aure, suka koma unguwar Wemtenga.

Sai bayan shekaru da yawa, ciwon baya ya kwantar da ni a gidanta, ko zama ba na iyawa. Tana shafa mini man kaɗe a ƙafa, na ce ta sa ni a addu'a, ko a hanyarta ta zuwa aiki ne. Ba ta ɗago kai ba, kuma babu fushi a muryarta. Ta ce, "Inna, ai ke kika ce Allah ba ya jin ta hanya. Ta tabarma kuma ban iya ba. Tun lokacin na bari."

Na roƙe ta gafara ina kuka, ta ce ba komai, ta yafe. Yafewar ta yi, na shaida, babu abin da na nema na rasa a hannunta. Amma tun da na samu sauƙi, duk Lahadi sai ta goya ni a mobilet, ɗan babur ɗinta, ta ajiye ni a ƙofar majami'a, ta juya.

A kwance na gane cewa sunana nake karewa a idon maƙwabta, ita kuwa da Ubangijinta take magana. Addu'ar kullum abin riƙewa ce, ku riƙe ta, amma ku bar lokacinta da wurinta su bi yadda rayuwa ta zo wa mutum. Iyaye mata, da ku manyan zumunta, in kun ga ɗa yana addu'a a hanya, ko a bakin murhu, ko a tsaye gaban inji, ku kama bakinku. 'Yata yau furfura ta fara fito mata, kuma har yanzu ban sake jin sunan Yesu a bakinta ba. Duk wanda ya karanta wannan, ya roƙa mata.