Ƙunshin Leshin da Aka Kira Wanki

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aiki a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Al Qusais ta Dubai ba, na haɗa gida da wata 'yar Habasha mai ɗaukar hoto. Tsadar haya ce ta haɗa mu, ba wani abu ba. A makon farko saura kaɗan in kira 'yan kwana-kwana, don na dawo daga aiki na tarar hayaƙi ya turnuƙe falo. Ashe gahawa take soyawa a kasko, ga turaren luban a gefe, ga gugguru a faranti. Na tsaya ina tari ina masifa da Hausa, ita kuma tana dariya tana nuna mini tabarma. Daga wannan zaman muka zama ƙawaye.

Hoton biki da na kayan shaguna take ɗauka don ta ci abinci, amma ba nan zuciyarta take ba. Aikin da ta sa a rai shi ne hoton matan Afirka da ke zaune a Dubai. Kuma tana da wata ƙa'ida da ni a lokacin nake gani ɓata lokaci ce. Ba ta ɗaga kyamara a kan mace sai ta zaunar da ita ta dafa mata gahawa irin tasu, wadda suke kira buna, an sha zagaye uku a ƙananan finjalai. A nan za ta tambaye ta yadda take so a gan ta, da abin da take so a rubuta a ƙarƙashin hoton. Abin da matar ta faɗa da bakinta, shi za a rubuta, ba ƙari ba ragi. Sai an kai finjali na uku take ɗaukar wannan alƙawari.

Wata rana na tsokane ta na ce, “Habibti, ke kam da a Kano kike sana'ar nan da yunwa ta kashe ki. Hoto ɗaya sai an yi wuni?”

Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon hoto. Wasu Larabawa ne, mata da miji da 'ya'yansu, sun cika tsakiya suna murmushi. Can a gefe ga wata baƙar mace riƙe da jariri, hoton ya yanke ta daidai kan hanci, ido ɗaya kawai ake gani. Ta ce mahaifiyarta ce. Aikin gida ta fita yi tun ƙawata tana ƙarama a hannun kakarta, da wannan aikin ta biya mata makaranta, kuma a can ta rasu. Wannan rabin fuskar ita ce kaɗai hoton da ya rage mata. Ta ce shi ya sa duk macen da ta ɗauka sai ta sa ta a tsakiya, sai kuma ta bar ta ta yi magana. Tun daga ranar ban ƙara tsokanarta a kan gahawa ba.

Mahaifiyata 'yar kasuwa ce, leshi da yadi take sarowa daga kasuwar Bur Dubai ta kai Kano, kuma in ta zo wurinmu take sauka. Mace ce da ba ta son hoto ko kaɗan. Ko a bikin yayata sai da aka yi ta lallashi kafin ta tsaya, fuskar nan a murtuke kamar an yi mata laifi. Amma ƙawata ta shimfiɗa mata tabarma, ta soya gahawa, ni ina tsakiya ina tafinta. Hajiya ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, “Wannan ai magani ne, a ƙaro sukari.” Da aka nuna mata hoton mai rabin fuska, sai ta daɗe tana kallo.

“Faɗa mata na yarda,” in ji ta. “Amma kada a rubuta mini abin da ban faɗa ba.”

Ƙawata ta dafa ƙirji ta ce, “Mama, alƙawari.”

A kan abra aka ɗauki hoton, ɗan kwale-kwalen nan da ke tsallakar da mutane daga Bur Dubai. Hajiya tana zaune, ƙunshin leshin da ta saro a cinyarta, hannayenta sun sha lalle, tana kallon ruwa. Ban taɓa ganin mahaifiyata ta yi kyau haka ba. Abin da ta ce a rubuta kuwa gajere ne: “Ni 'yar kasuwa ce, jikar 'yar kasuwa. Wannan ruwan ya san ni.”

Bayan Hajiya ta koma Kano, wani mai gidan baje kolin hotuna ya ga aikin ƙawata ya ce zai nuna shi. Wannan ne karo na farko da wani ya buɗe mata ƙofa bayan shekarun da ta yi tana yawo da hotuna a jaka ana ce mata za a neme ta. Ranar da labarin ya zo har rawa muka taka a kicin, ni da ban iya rawar kafaɗa irin tasu ba na kusa gocewar wuya.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe, ina ofis da la'asar, wayata ta fara ruri ba ƙaƙƙautawa. 'Yan uwa ne daga Kano. Mai gidan hotunan ya saki talla a intanet, hoton mahaifiyata ne a gaba, an rubuta da manyan baƙaƙe wai hannayen da ke wanke kayan Dubai. Wani ɗan kasuwa ya gani ya tura gida, kafin azahar ya zagaye rukunin matan da suke harkar yadi tare. Wai ashe Hajiya wankau take zuwa yi. Ashe sarin kayan nan duk rufin asiri ne. Matan da suka sha cin abinci a ɗakinta, su ne ke turawa suna ƙarawa da “Allah ya kyauta.”

Wallahi ban san yadda na iso gida ba. Idona ya rufe. Na tarar da ƙawata a tsaye a falo riƙe da waya, ita ma a lokacin ta gani. Kafin in buɗe baki saƙon murya ya shigo daga ƙanwar mahaifiyata, na danna ba tare da tunani ba. Muryarta ta cika ɗakin: “Haba! A rasa da wa za a haɗa Yaya sai 'yan aikin Habasha? Wannan ƙasƙanci da me ya yi kama?”

Ƙawata ba ta jin Hausa, amma ta ji sunan ƙasarta. Ta ce in fassara mata. Na ce ba komai ba ne. Ta dube ni ta ce, “Faɗa mini.” Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai kawai, ta ɗauki jakarta ta ce, “Yalla, mu je.”

Da muka isa gidan hotunan, mutumin ya tarbe mu da fara'a har da miƙo ruwan sanyi. An riga an rataye hotunan a farin bango, gwanin sha'awa. Amma babu magana ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Duk ya cire. Ma'aikaciyar jinyar da ke cikinsu, da mai kitso, da mahaifiyata, da masu aikin gidan da suka roƙa a nuna su cikin fararen kayansu na zuwa coci, duk ya tattara su ƙarƙashin suna ɗaya.

Na nuna masa hoton na ce, “Wannan uwata ce. Abin da ke cinyarta leshi ne, sarowa ta yi.”

Ya matsa ya ƙura ido, sai ya yi 'yar dariya ya ce shi ya ɗauka kayan wanki ne. Ko a jikinsa. Ya ga baƙar mace da ƙunshin tufafi a kan ruwa, shi ke nan ya gama karanta rayuwarta. Ya ce ai kuskuren ma ya yi amfani, don tallan ya ja mutane sosai. Masu zuwa kallo ba sa tsayawa karatu, labari ɗaya mai taɓa zuciya suke so. Wai mu yi haƙuri shwaiya, wato kaɗan, bayan an buɗe zai duba.

Abin da na faɗa masa ba zai rubutu a nan ba. Na fara da Turanci, Turancin ya ƙare na koma Larabcin kasuwa, shi ma ya ƙare na zuba masa Hausa tsantsa. Ya yi ta kallona kamar rediyo ce ta lalace. Ƙawata kuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ko dai ya sauke tallan ya mayar wa kowace mace maganarta, ko ta kwashe kayanta. Ya ce mata ta yi tunani da kyau, garin nan ƙarami ne, wanda ya watsa taro ana gab da buɗewa ba a sake kiransa.

“Uwata aikin gida ta yi, kuma ba na jin kunyar haka,” in ji ta. “Amma an yanke mata fuska ba a tambaye ta ba. Ba zan tsaya a yi wa wata haka da hannuna ba. Khalas, magana ta ƙare.”

Ta taka kujera ta fara sauke hotunan ɗaya bayan ɗaya, ni ina karɓa. A tasi ta rungume su a ƙirji, sai a nan hawaye suka zubo mata. Ni kuwa haƙorana kawai nake cizawa, don na san abin da ta bari a bangon nan.

Da muka isa gida ta ce in kira mata Hajiya. Ta durƙusa a gaban waya kamar tana ganinta, ta ce ta karya alƙawari, a yafe mata. Na fassara. Hajiya ta tambayi abin da ya faru da bajen kolin, na ba ta labari. Sai ta ce, “Ki ce mata ta ajiye mini gahawata, ina nan tafe. Kuma ta sayi sukari.”

Da ta zo sari na gaba, a falonmu aka yi bajen kolin. Muka jingine kujeru, muka manna hotuna har ƙofar kicin, kowanne da maganar mai shi a ƙasa. Matan suka zo ranar hutunsu, wasu tun daga Jebel Ali can gefen gari, ɗakin ya cika har ana zama a kan takalma. Hajiya ta sa ƙawata ta faɗaɗa hoton nan mai rabin fuska, ta cire Larabawan, ta manna shi daf da nata. Sannan ta gyara mayafi ta tsaya a tsakaninsu, ita da ba ta son hoto, ta ce a ɗauka. Da kanta ta tura wa rukunin matan nan na Kano, ta bi shi da saƙon murya ina tsaye ina ji.

“Salamu alaikum. Na ji duk abin da aka ce. Ni ba wankau nake yi ba, amma da shi nake yi da na faɗa muku, don ba sata ba ce. Wannan da kuke gani kusa da ni, wankau ta yi ta ɗauki nauyin yarinyar da ta zubar da abincinta don kada a yi mini ƙarya. Ku da kuka san ni shekara da shekaru, wace ce a cikinku ta ko kira ni ta tambaya?”

Babu wadda ta amsa. Ƙanwarta ma sai da aka kwana biyu ta kira tana kame-kame.

Maganar ta mutu tuntuni, amma ni har yau in na tuna raina yana ɓaci. Mutumin nan bai yi ƙarya ba, ba a sake kiran ƙawata ba. Har yanzu hoton biki take ɗauka, har yanzu tana soya gahawa kafin ta ɗaga kyamara, shi kuma yana nan yana buɗe taro ana tafa masa. Wannan yana ci mini rai. Amma abin da ya fi ƙona ni namu ne na gida. Shi baƙo ne, bai san leshi ba. Su fa? Sun san leshin, sun san mai shi, kuma kusan kowaccensu akwai wata 'yar mutane da ke yi mata wanki a tsakar gida. Duk da haka da suka tashi neman abin da za su zubar wa mace da mutunci, aikin yarinyar nan suka ɗauko.

Hotunan biyu suna ɗakin mahaifiyata a Kano yanzu, a jere a saman gado. Baƙi sukan nuna mai rabin fuskar su ce, “Hajiya, wannan fa?”

Sai ta ce, “Ƙawata ce. Allah bai yi za mu haɗu ba.”