Jidda Ta Fi Wudil Kusa

A garinmu, can gefen Ajingi, ba a tambayar nisan wuri da mil. Cewa ake yi, "Kwana nawa ne?" Da wannan ma'auni na daɗe ina cin kasuwata, domin ni kaɗai na taɓa zuwa Ikko, a kan buhunan gyaɗa, ina yaron mota. Karatuna bai wuce na sallah ba, amma da na zauna gindin durumi na ce, "Wata rana a Ikko," kowa sai ya gyara zama. Rabin labarin ƙari ne.

Sai ga taubashina, ɗan gwaggona, wanda ko Gaya ya je sai ya yi zazzaɓin kewar gida, ya samu gyaɗa mai kyau shekaru a jere, ya biya kujerar Makka. Na yi masa murna, amma da baki kawai.

Muka raka shi filin jirgin Kano, muka tsaya bayan wayar shinge muna ɗaga wa jirgi hannu, har da ni, ina murmushin dole. A hanyar dawowa motarmu ta mutu a Wudil. Nan muka kwana, sauro ya yi biki a kanmu.

Da ya dawo, ga rawani, ga haƙorin Makka yana walƙiya, gindin durumi ya koma ni da awaki. Kowa yana ƙofar gidansa, ana shan zamzam ana cin dabino. Na ga in ban yi wani abu ba na tashi aiki. Na je na kutsa cikin taron.

Na ce, "Kai bawana, kwana nawa kuka yi a hanya?"

Ya ce, "Wane kwana, ubangidan ƙarya? Bayan azahar muka tashi, isha'i a Jidda muka yi ta."

Na juya ga jama'a ina tafa hannu. "Kun ji ko? Ashe nan kusa ne! Wurin da ba a kwana a hanya, ba a ci ƙura ba, ba a sauka an tura mota ba, har ya isa a kira shi tafiya? Ni da na je Ikko sai da ƙafata ta kumbura."

Wasu suka fara gyaɗa kai. Na ji daɗi ya zo mini har wuya.

Akwai wani tsoho a gefe, wanda mahaifinsa ya tafi Makka a ƙasa, ya dawo da furfura. Na ɗauka zai goya mini baya. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ranar da kuka raka shi, a ina ka yi isha'i?"

Na ce, "A Wudil, Baba."

"Asuba fa?"

Wani munafuki ya riga ni amsawa: "Wudil dai, a ƙarƙashin mota!"

Tsohon ya ce, "To a lissafinka Kano ta fi Makka nisa. Sai mu fara zuwa gaishe ka, ka sha hanya."

Dariya ta ɓarke, har taubashin nawa ya buɗe bakin nan da gangan don in ga haƙori. Na nemi hanyar fita, mutane sun toshe ƙofa. Dole na zauna a bakin tabarma, aka miƙo mini dabino ɗaya. Taubashin nawa ya ci gaba da labarin yadda gajimare ke komawa ƙarƙashin mutum, ni kuma ina tauna ina cewa a raina ƙarya ce, kunnena kuwa a miƙe kar wata kalma ta wuce ni.