Boleh Ta Kai Ni Teku

Ni ban iya iyo ba. Ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga kafin na zo karatu Kuala Lumpur shi ne ambaliyar layinmu a Kano, ita ma da wando a naɗe. Amma a zamanin korona na tsallaka teku a kan babur, kuma kalma ɗaya ce ta jawo mini.

Kalmar ita ce boleh. Tun zuwana nake jin mutanen ƙasar suna faɗinta, a kanti, a jirgin ƙasa, a makaranta. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa ita ce "to" ɗinsu. Kowane Bahaushe ya san "to": na ji ka, Allah ya kai mu, ka tafi ka ba ni wuri. Ba alkawari ba ce. Shekara uku ina rabon boleh kamar goron ɗaurin aure, babu wanda ya zaunar da ni ya ce ma'anarta "zan iya".

Ana cikin kulle cutar ta ɗauke abokina. Tare muka zo, bene ɗaya muka kama a unguwar Wangsa Maju, shi a hawa na bakwai, ni da matata a na tara. Daga nesa muka tsaya aka binne shi, kowa da takunkumi. Ya bar mata da yara biyu. Izinin zamanta a ƙasar a jikin nasa yake, don haka da ta fita takaba dole ta tafi, ga kuɗin jirgi ya yi tashin gwauron zabi. Mun yi karo-karo sau biyu, bai kai ko'ina ba.

Maƙwabcina ɗan ƙasar ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma na taɓa ba shi labarin acaɓar da na yi a Kano lokacin digirin farko. Wata rana ya tare ni a lif, ya yi ta zuba da yarensu ta bayan takunkumi. Na tsinci "motor", na tsinci sunan marigayin. Ya tambaye ni wani abu, na ce boleh. Ya sake tambaya yana kallona sosai, na ce boleh. Lif ya tsaya, na yi gaba abina.

Kwana uku bayan haka matata ta miƙo mini wayarta. Hotona ne, ina murmushi, a ƙarƙashi an rubuta cewa ɗalibin Najeriya zai bi ƙungiyar masu babur ɗin ruwa su tsallaka zuwa wani tsibiri, don a tara wa iyalin abokinsa kuɗin komawa gida.

"Malam, wannan ba kai ba ne?" in ji ta. "Kai da ko swimming pool ɗin ƙasan benen nan ba ka taɓa tsoma ƙafa ba?"

Na tafi wurin maƙwabcin in janye, na tarar mutanen da ba su taɓa ganin marigayin ba sun fara turo gudummawa. Mutanenmu ma, da suka ce ba su da ko sisi, sai ga kuɗi ya fito, wasu da sharaɗin a ɗauko musu bidiyon faɗuwata. Na ji haushi, na ji tsoro, na dawo gida ban janye ba.

Matar marigayin ta kira ni. "Malam, don Allah ka bari. Takaba ɗaya ta ishi benen nan."

Na ce, "To."

Bahaushiya ce, ta san wannan "to" ɗin. Sai ta kashe wayar.

Da aka sassauta dokar tafiya muka je bakin teku da sassafe. Aka auna mini zafin jiki, aka fesa mini sinadari a hannu, domin kada in mutu da cuta kafin in nutse. Aka sa mini rigar da ke hana nutsewa, aka ɗaura mini igiyar kashe inji a wuyan hannu. Na duba babur ɗin da idon gwani. Na ga totur. Na tambayi ina birki yake.

"Babu birki, abang," in ji maƙwabcin; abang ɗin shi ne yaya a yarensu. "Ka saki totur kawai."

Da farko lafiya lau, har na fara raina tekun. Da muka bar gaɓa sai ruwan ya sauya hali. Igiyar ruwa ta ɗaga ni sama ta yar, wata ta cafe. Jikina ya koma acaɓa ba tare da shawarata ba. Ina kauce wa ramuka a inda ko'ina rami ne. Ina lalubar oda in danna wa igiyar ruwa. Da zan karkata sai na miƙa hannu na ba teku sigina. Takunkumin, da na ƙi cirewa don tsoron tara, ya cika da ruwan gishiri, ina sha ina salati.

A tsakiya, inda ba a ganin gaɓar baya, tsibirin kuma ɗigo ne kawai, na gaji, na saki totur, na yi abin da kowane ɗan acaɓa yake yi in ya tsaya. Na sauke ƙafa ƙasa.

Babu ƙasa. Na bi ƙafar gaba ɗaya.

Rigar ta dawo da ni sama ina haki. Jirgin rakiya ya matso, maƙwabcin ya miƙo hannu ya ce in shigo, ya isa haka, ba wanda zai ga laifina. Na tuna yaran hawa na bakwai, na kama bayan babur ɗin na hau da rarrafe.

"Boleh?" ya tambaya.

Bakina cike da teku, na murɗa totur. Ni ne na ƙarshe da ya isa tsibirin, na kwanta a rairayi ina amai, ana tafa mini. Bidiyon faɗuwar ya fi tsallakawar kawo gudummawa, kuma har yau raina bai daina ɓaci da wannan ba.

Kuɗin jirgi ya cika. Ni da matata muka raka su filin jirgi. Matar marigayin ba ta ambaci teku ba ko sau ɗaya. Sai da aka kira su ta tsaya, ta riƙe hannun ƙaramin, ta dubi ƙasa.

"Malam, mu mun tafi, shi yana nan. Ba shi da kowa a garin nan. Za ka riƙa kai masa ziyara?"

"To" ta zo har bakina, na haɗiye ta.

Na ce, "Boleh."

Har na gama karatu, duk Juma'a in an sauko ina zuwa maƙabartar.