Alewar da Yaya Nura Ya Kawo

Ranar wata Juma'a, shekarar da nake aji huɗu, na dawo daga aiken burodi na tarar da wata doguwar alewa mai ruwan hoda a kan teburin shaƙƙarmu, wato gidan hayarmu na saman bene a unguwar Hayyin Ashir. Yaya Nura ne ya kawo wa Anti Safiya, ƙanwar Mama da ke zaune tare da mu. Abokin karatun Baba ne da ya wuce Ingila, ya dawo hutu da niyyar neman aurenta.

Ina laɓe a bayan labule ina tsince shinkafa, yana ba ta labarin garin da yake, Brighton. Wai da ƙauyen masunta ne, sai wani likita ya ce ruwan teku magani ne, masu hali suka yi ta tururuwa, har wani sarkinsu ya gina fada mai ƙubbobi. Akwai wata gada da ta miƙe cikin teku ba ta ƙetare ko'ina ba, a kanta lilo da fitilu, ga bakin ruwan tsakuwa zalla. Ni dai har na hango Anti tana tafe a kan gadar nan, iska na kaɗa mayafinta.

Mama kuwa ba ta yarda da shi ba. "Gadar da ba ta kai mutum ko'ina, ƙubba ba masallaci, wane irin gari ne wannan?" Bayan tafiyarsa ta karya alewar, sai ga jan rubutu a cikinta. Ta sake karyawa, ga shi nan. Duk guntun da ta ɗaga, rubutun na ciki. Baba ya duba ya ce sunan garin ne kawai. "To Malam, wa ya shigar da shi ciki? Rubutun da aka yi don a sha, ai mun san sunansa. Khalas, magana ta ƙare!" Ta zubar, ta rantse ƙanwarta ba za ta auri mai yi mata asiri ba. Yaya Nura ya koma shi kaɗai.

Yanzu na san duk baƙon da ya je garin yakan sayo irinta a matsayin tsaraba. Anti ta auri wani, tana unguwar Faisal da 'ya'ya huɗu, furfura ta fara fito mata. Bara na tambaye ta ko ta taɓa yarda asiri ne. Ta kalli titi, ta ce, "Na lasa kafin mamanki ta gani. Har yau bai sake ni ba."

Ban san wadda zan gaskata a cikinsu ba.