Kafaɗar da Inna ta gane a jarida

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, mai ƙuli-ƙuli a bakin tashar Tanut, a ƙasar Damargu. Ba ta yi lakwal ba, wato karatun boko, amma ban san wanda jaridu suka bi ta hannunsa kamar ita ba. Direbobin Damagaram ke sauke mata tsofaffi, tana ƙunshe ƙuli a ciki. Juyin mulki, zaɓe, manya da manyan rigunansu, duk sun sha mai a hannunta.

Shafi ɗaya ne ya tsira. Ina goye babanmu ya kora shanu kudu a shekarar babban fari, bai dawo ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Wata rana, ina sabuwar malamar makaranta, na tarar da ita da takarda a cinya, masu saye na tsaye ko kallonsu ba ta yi. Jaridar ta yi waiwayen farin nan ne, ta sa hoton wani makiyayi ya ba da baya, malfa a ka, sanda a wuya, ga shanu duk sun rame.

"Malama, karanta mani abin da ke ƙasa. Na san kafaɗar nan."

Na karanta faransancin a zuci. Wata ƙasa ce can yamma, inda babanmu bai taɓa takawa ba. Na ɗago na dubi idonta.

"An ce makiyayi ne daga Damargu, Inna, yana kan hanyar gida."

"To, ai na faɗa," in ji ta. "Hanyar ce da nisa."

Ta ninke shafin ta sa a adaka, yana nan har ta rasu. Ni kuwa har yau ina tambayar kaina ko jinƙai na yi ko cuta. Wani lokaci ni ma nakan hango babanmu cikin takardar yana tafe a hankali, ya wuce rijiyoyin Gangara, bai tsufa ba, bai iso ba.

Da tana raye ta ga labarai na gudu cikin waya, na san dariya za ta yi, ta ce ina amfanin labarin da ba ya ƙunshe ƙuli. Amma da na ji tsoro, don yanzu ko jikokinta za su iya tona ni.

Watan jiya 'yata Hadiza ta buɗe adakar. Ta ciro shafin ta karanta da kanta, ta dube ni.

"Mama, ai nan an rubuta..."

"Na sani."

Ta daɗe tana kallon hoton. Allah Ya ji ƙan Inna, ba ta bar mana gona ko garke ba, sai wannan takarda mai ƙamshin gyaɗa. Hadiza ta ninke ta daidai inda Inna ta saba ninkewa, ta ce, "Amma kafaɗar irin taki ce, Mama."