Mai Alli da Tsohuwar Gada

Kullum kafin a buɗe ƙofar ma'ajiyar kaya, yana tsaye gaban allonsa, tabarau a karan hanci. Mai Alli direbobi ke ce masa. Shekara talatin da ɗaya shi ke raba kayan yankin nan: siminti da taki su bi jirgin ƙasa, tumatir da magani su bi mota, kuma babu motar da za ta dawo wayam. Direbobi sun sha tsokanarsa, wai ko akuya ce ta gifta sai ya samo mata lodi.

Duk wannan taurin kai saboda gada ɗaya ce, tsohuwar gadar da ƙauyuka tara ke bi zuwa asibiti. Ya san nauyin da take iya ɗauka kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa. Wata shekara manaja ya ce jirgi ya cika nawa, ya rubuta a allon da hannunsa cewa tirela ashirin na siminti su bi ta gadar. A gaban kowa Mai Alli ya sa hannun riga ya goge.

"Ranka ya daɗe, in kora ce ka kore ni," in ji shi, "amma ba a allona ba."

Wata biyu aka dakatar da shi. Direbobin nan masu tsokana kuwa suka ƙi tashi, dole siminti ya jira jirgi.

Kai ne, Baba Mai Alli, wanda masu naƙuda suka haye gadar nan lafiya ba su ma san da kai ba.

Makon jiya ya yi ritaya, a makon kuma aka rufe layin dogon da ke shiga ma'ajiyar. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Ranar sallama bai nemi komai ba, sai ya rubuta nauyin gadar a kusurwar allo, ya roƙa kada a goge. Jiya na leƙa, na tarar an jingine allon a waje, ruwan sama ya wanke shi tas.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku kuma direbobi da kuka haddace lambar nauyin nan, ku tsaya a kanta kamar yadda ya tsaya. Ranar Litinin za a fara lodin siminti a tirela, kuma hanya ɗaya ce: ta kan gadar.