Kawu Jibo da Ɗorawarsa Biyar

Ni ne ban kyauta ba, Kawu Jibo ne mai gaskiya. Gara in faɗa da bakina tun da fari, don har yau akwai tsofaffi a Zinyau da in na wuce sai sun yi gyaran murya.

Ku da kuka san shi, da me kuke fara tuna shi? Ai da butar nan tasa! Mutumin da bai taɓa yin alwala sau biyu a wuri ɗaya ba a yini. Ɗorawa biyar ya shuka a jere a bakin gonarsa, kan turbar Kibiya, kowace da sallarta. Ta asuba Audu ce, ta azahar Tanko, ta la'asar Garba Dogo, ta magariba Sule, ta lisha Ɗan'azumi. A gindin kowace zai tsuguna ya yi alwala, ruwan ya zuba mata, ya kira sunan mai ita, ya yi masa addu'a.

Don yaran yanzu, bari in faɗi mafari. Lokacin yaƙin Jamus aka ce kowane dagaci ya ba da mutane. Su shida aka ɗiba daga unguwarmu aka kai su Kamaru, suna ɗaukar igwa da harsashi a ka. Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi kaɗai ya dawo, kunnensa na hagu a toshe. Sauran ba gawa ba kabari. Shi ya bi gida-gida ya faɗa wa iyayensu, kuma daminar nan ya shuka kalwa biyar.

Wannan yawon alwala ya sa kullum a sahun baya yake samun jam'i. Rannan Liman ya tare shi.

"Malam Jibo, mutane suna magana. An ce kana gaida itace kamar Bamaguje."

Kawu ya juya masa kunnen hagu. "Na'am?"

Liman ya zagaya ta dama ya maimaita.

"Allah gafarta Malam, ba itace nake gaidawa ba. Sunan nake kira don kada bakina ya manta. In akwai kabarinsu a maƙabartarka, nuna mini, gobe can zan koma."

"To ka riƙa zuwa da wuri mana."

"Ai Garba Dogo ne da shan ruwa, tun yana raye haka yake!"

Kai, Kawu! Ga rowa kuma, goro ɗaya sai ya kai shi kasuwa biyu. Amma da itatuwan suka fara 'ya'ya, ko ƙwayar kalwa bai yarda ta shiga gidansa ba. Kowace ɗorawa, amfaninta na gidan mai sunan ne, uwa ko mata su zo su kaɗe abinsu su yi daddawa su sayar. Wata rana matarsa Inna Dije ta tsinci guda ɗaya da iska ta kayar. Ya hango ta tun daga tsakiyar gona.

"Dije! Wannan ta Sule ce. Kin tambaye shi?"

"Sule ai ya mutu, Malam!"

"To matar tasa ma ta mutu?"

Haka Inna Dije ta riƙa sayen daddawar gonar mijinta a hannun matar Sule, tana saye tana mita.

Sai zancen lamba. Dagaci ya dawo daga Rano da lambar yaƙi ta ƙarfe, mai kan Sarkin Ingila, ya tara mutane ya miƙa wa Kawu. Kawu ya juya ta gaba da baya.

"Ranka ya daɗe, ina ta su Audu?"

"Ɗaya aka bayar, Jibo."

Kawu ya tafi da ita gida. Washegari sai ga lambar tana lilo a wuyan jakinsa, wanda ya raɗa wa suna Saje don ya sami sajen da shi ma zai yi wa tsawa. Dagaci ya riƙe baki.

"Jibo, so kake ka ja mana?"

"Ranka ya daɗe, ba don dako aka ba ni ba? To ga wanda ya fi ni dako."

Yanzu ga nawa abin kunyar. Da aka zo fitar da hanyar mota don kwasar gyaɗa, aka naɗa ni helma, wato shugaban lebura. Aka ba ni usur na rataya a wuya, kaina ya yi girma har hula ta ƙi zama. Masu awo suka kafa turaku, layin ya bi ta kan itatuwan Kawu sak. Na je na same shi, hannu a aljihu.

"Kawu, umarni ne daga sama. Itace ne fa kawai."

Ya juya mini kunnen hagu. Ni kuwa girman kai bai bar ni na zagaya ba.

Ranar kasuwar Rano, na bari sai da ya ɗaura wa Saje mangala ya yi nisa, na busa usur. Da wadda ta fi tare hanya muka fara, ta Tanko. Leburorin suka tsaya suna kallon juna, don haka ni na ɗaga gatarin farko. Kafin mu gama datsa ta, ashe labari ya iske shi a hanya, ya juyo.

Na zaci zai zage ni. Ina ma ya zage ni! Ya tsaya ya dubi kututturen, ya daɗe, sannan ya ce, "Ilu, mutuwar Tanko ta farko ni na kai wa Iya Hanne labari. Ta biyu kai za ka kai."

Iya Hanne ita ce mahaifiyar Tanko, ba ta da wani ɗa, da kalwar itacen nan take cefane. Ban je ba. Na ce ni aikin hukuma na yi.

Kawu ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a gindin Garba Dogo, ya ɗaure Saje a jikin turken masu awo, ya kwanta. Aiki ya tsaya cak, har Baturen hanya ya zo da kansa da tafintansa. Yana ganin lambar a wuyan jaki fuskarsa ta yi jawur.

Tafinta ya ce, "Wai ka cire ta yanzu-yanzu."

"Ya cire turakunsa, in cire."

Tafinta ya fara in-ina. Kawu ya tashi zaune. "Faɗa masa yadda na faɗa, kada ka rage gishiri! Ka ce, waɗannan Audu ne da Garba da Sule da Ɗan'azumi, wancan na kwance Tanko ne. Mu da ƙafa biyu muka kewaye duwatsun Kamaru da igwarsu a ka. Motarsu mai ƙafa huɗu ce za ta kasa kewaye itace huɗu?"

Bature ya share gumi. Sai ya tambayi wa ya sare ta biyar ɗin. Wallahi ba wanda ya nuna ni da yatsa, ido kawai aka zuba mini. Aka tuge turaku aka matsar da su. Kwanar nan da direbobi ke zagi in sun zo da lodi, to kun ji asalinta.

Daga ranar Kawu bai ƙara yi mini magana kai tsaye ba, sai ta bakin jaki. In mun haɗu a turba: "Saje, gaya wa helma ya matsa." Ranar Sallah na je gaisuwa: "Saje, ce masa mun yi Sallah lafiya." Alwalar azahar kuwa bai fasa ba, a kan kututture yake zuba ruwansa. Ni kuma na riƙa zagaye ƙofar Iya Hanne kamar mai gudun kare, shekara da shekaru.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na shiga ɗakin na durƙusa, ta dama wannan karon.

"Kawu, ka yafe mini."

Ya dubi rufin ɗaki. "Kash! Ga Saje ya mutu, ba mai fassara."

Inna Dije tana kuka sai da dariya ta ƙwace mata. Sannan Kawu ya juyo ya dube ni ido cikin ido. "Ɗan nan, ba ni ka sare ba. Ka san gidan."

Allah ya jiƙan Kawu Jibo, ya sanyaya makwancinsa, ya sada shi da mutanensa biyar a inuwar da ba mai sare ta.

Daga maƙabarta ban biya gida ba. Na iske Iya Hanne a tsakar gidanta, ido ya tafi, tana laluben tsintsiya. Na yi sallama, ta ce wane ne. Na zube a ƙasa.

"Iya, Ilu ne. An aiko ni tun tuni ban zo ba. Ni na sare itacen Tanko, da hannuna, ba Bature ba, ba hukuma ba. Na san da shi kike ci, na sani kuma na sara. Don Allah, Iya, ki yafe mini."